Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne

Hausawa sun ce gani ya kori ji, ni ma da can na ɗauka haka maganar take a ko'ina. Amma a dogon hutun da ya wuce na gane cewa gani iri biyu ne. Akwai wanda mutum yake yi da idonsa, yana tsaye da ƙafarsa a wurin. Akwai kuma wanda wani ne ya zaɓa ya nuna masa ta cikin akwati. A kan na biyun nan nake so in yi bayani, watau yadda fim da wasannin talabijin suke gina birni a zuciyar mai kallo, har su sa shi ya ɗaure kaya ya kama hanya. Ba don jin daɗin baki na ɗauko zancen ba, sai don saura ƙiris abin ya raba wani ɗan'uwana da makaranta.

Ni ɗan Boɗinga ne, amma mahaifiyata mutuniyar Shagari ce, saboda haka kusan kowane dogon hutu a can nake yin sa, a gidan Kawuna. Garuruwan biyu suna kan hanya ɗaya, wadda ta taso daga Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega. Kawu yana da akwatin talabijin da faifan kama tashoshi, da batir mai cin hasken rana, domin wutar lantarki ba abin dogara ba ce. Da an idar da sallar lisha sai a fito da akwatin tsakar gida a shimfiɗa tabarmi, yara a gaba, mata a gefe, maƙwabta kuwa kowa ya yi sallama ya nemi wurin zama. Wanda ya fi kowa matsawa kusa da akwatin shi ne ɗan Kawu, taubashina, wanda ya girme ni da shekara ɗaya, yana aji biyar a wata makaranta dabam. Ba ya kirana da sunana sai "bawana", kamar dai yadda ɗan namiji yake tsokanar ɗan mace.

A wannan hutu mun sha kallo. Yawancin abin da muka gani daga tashar Arewa24 ne, wadda ta fara aiki a 2014. Mun kalli Daɗin Kowa, wasan da yake nuna zaman unguwa da rigingimun maƙwabta. Mun kalli Labarina na Malam Aminu Saira, wanda aka fara nunawa a 2020, da kuma wasu kashi na Kwana Casa'in, mai bayani a kan siyasa da cin amanar talakawa a wani wuri da suka raɗa wa suna Alfawa. Ran da ba a nuna ko ɗaya, sai mu taru a kan wayar wani mu kalli fim ɗin Indiya da aka fassara da Hausa. Wata Juma'a kuma Kawu da kansa ya sa mana Ar-Risala, fim ɗin tarihin farkon Musulunci wanda Mustafa Akkad ya shirya a 1976.

Abin da na lura da shi shi ne, ba labarin kaɗai muke kallo ba. Idonmu yana kan titunan da motoci suke gudu a kansu, da gadojin sama da ake haskowa daga bisa, da falo mai kujeru kamar na fadar sarki, da samari masu shadda wadda ba ta taɓa yamutsewa. Sannu a hankali sai Kano ta ginu a cikin kawunanmu, Kano wadda babu ƙura a cikinta, babu zafi, babu mai kwana da yunwa sai wanda zai yi arziki kafin wasa ya ƙare. Taubashina har harshensa ya juya. Ya daina cewa "mi kaka so", sai "me kake so", yana jan magana irin ta Kanawa. Mu dai dariya muke yi masa. Ashe abin ya wuce wasa. Ana saura mako uku a koma makaranta, sai aka gane ya sayar da ragon da Inna ta ba shi kiwo, ya ɓoye kuɗin a cikin akwatin littattafansa, da niyyar ya gudu Kano ya zama ɗan fim.

Ran nan gida ya rikice. Inna tana kuka, Kawu ya ɗauko bulala, sai Kaka ya daka masa tsawa daga zaure ya ce ya ajiye. Ya kira mu duka biyu ya zaunar. Ya ce, "Ku yaran yanzu kun aza ku kunka fara ganin hoto mai motsi? Mu munka ga majigi tun ubanninku ba su zo duniya ba." Ya ba mu labarin yadda motar gwamnati takan zo gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a fili, a ta da inji, wani mutum yana tsaye da lasifika yana fassara abin da ake gani. A irin wannan majigi ne ya ga Baban Larai, fim ɗin da aka yi don koya wa manoma aikin gona irin na zamani. Ya ce a lokacin har akwai waɗanda sukan zagaya bayan ƙyallen su duba inda mutanen suka ɓuya. Sa'an nan ya juya ga Kawu ya ce, "Wanga yaro bayan ƙyalle yaka son zagayawa. Kai shi ya gani da idonai." Da yake Kawu yakan je Kano saro atamfa a Kantin Kwari, sai aka yanke shawara ya tafi da mu tare.

Kafin in ba ku labarin tafiyar, ya kamata mu san dalilin da ya sa Kano ce take fitowa a akwatunanmu fiye da kowane gari. Tun 1937 aka buɗe gidan silima na Rex a Kano, daga baya wasu suka biyo, kuma a cikinsu ne finafinan Indiya suka sami karɓuwa ga Hausawa. Talabijin kuwa a Ibadan ta fara a Nijeriya, a 1959, ta iso Kaduna a 1962, inda daga baya wasanni irin na Samanja Mazan Fama suka yi tashe. Amma abin da ya sauke farashin yin fim har talaka ya iya taɓawa shi ne kaset ɗin bidiyo. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, wanda masana suke lissafa shi a matsayin mafarin finafinan Hausa na bidiyo. A 1999 mujallar Tauraruwa ta raɗa wa sana'ar suna Kannywood. Kano tana da jama'a, tana da 'yan kasuwa masu zuba jari, tana da marubutan littattafai da mawaƙa. Inda kayan aiki suka taru kuwa, nan ake aiki, kuma mai ɗaukar hoto abin da yake kusa da shi yake ɗauka. Ba wai Kano ce kaɗai birni ba, ita ce dai take gaban kamara.

Kada kuma ku ɗauka taubashina ne farkon wanda fim ya ja zuwa wani gari. Wannan abu ne da ya game duniya, har ƙasashe suna cin abinci da shi. Masu shirya finafinan Indiya sun daɗe suna zuwa ƙasar Suwizalan don ɗaukar waƙoƙi a kan duwatsu masu ƙanƙara, Indiyawa kuwa suka riƙa bin sawu don su ga wuraren, har a 2016 aka kafa mutum-mutumin darakta Yash Chopra a garin Intalaken don godiya. A ƙasar Niyu Zilan wata gonar tumaki ce kusa da garin Matamata aka gina wa ƙananan gidaje saboda fim ɗin The Lord of the Rings, sai ga ta ta zama wurin da baƙi suke biyan kuɗi su shiga. A ƙasar Tailan kuwa abin ɓarna ya jawo. Wani gaɓar teku da ake kira Maya ya fito a fim ɗin The Beach na 2000, jama'a suka yi ta tururuwa har halittun ruwan wurin suka lalace, dole hukuma ta rufe shi a 2018, ba a sake buɗewa ba sai 2022. Bambancin kawai shi ne, waɗannan da kuɗin guzuri da tikitin komowa suke tafiya. Namu yaran kuwa da kuɗin rago suke tafiya, ba su kuma shirya komowa ba.

Mun tashi daga Shagari da asuba, muka wuce Boɗinga na leƙa gida na yi sallama, muka shiga mota a Sakkwato. Tafiyar ta fi kilomita 500. Mun bi ta Talatar Mafara da Gusau da Tsafe da Funtuwa, daga nan muka karkata ta Malumfashi da Gwarzo. A fim, idan mutum zai je birni, sai a nuna ya shiga mota, a ɗan kaɗa kiɗa, sai ga shi ya sauka da tufafinsa fes. Mu kuwa yini guda muka yi a matse, mutum huɗu a kujerar mutum uku. A wasu wurare na hanyar Zamfara motar takan yi tsit, kowa yana addu'a a zuci, domin kowa ya san irin ta'asar da 'yan bindiga suka yi wa matafiya a wannan yanki a shekarun nan. Direba ba ya yarda dare ya same shi a can. Wannan shi ne abu na farko da akwati bai taɓa gaya mana ba, cewa tsakaninmu da birni akwai hanya, hanyar kuma tana da nata haɗari.

Mun shiga Kano ta wajen sabon mazaunin Jami'ar Bayero, magariba ta kawo jiki. Gadojin da muke gani suna nan, ba ƙarya aka yi mana ba. Amma a ƙarƙashinsu akwai hayaƙi da cunkoson a-daidaita-sahu, da masu talla, da almajirai, da mutanen da suka shimfiɗa kwali za su kwana. Na nemi kabu-kabu irin namu ban gani ba, Kawu ya ce ai tun 2013 aka hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birnin. Mai masaukinmu wani ɗan kasuwa ne abokin cinikin Kawu. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya yi dariya, ya ce mun taki sa'a, domin gidan wani maƙwabcinsa masu fim sukan karɓa haya, kuma jibi za su zo. Wurin da ake ɗaukar fim su 'yan sana'ar "lokeshan" suke ce masa. A wannan lokeshan ne na koyi abubuwa huɗu, waɗanda nake so kowane mai kallo ya riƙe.

Na farko shi ne zaɓi. Kamara ba ta ganin komai da komai, abin da aka saita ta a kai kaɗai take gani. Ƙofar gidan nan kyakkyawa ce ƙwarai, amma taku goma daga gare ta akwai kwata da ta toshe da tarin shara. Mai kamara ya juya wa kwatar baya, shi ke nan, ga duk wanda zai kalli wasan babu kwata a unguwar. Hoton birni da ake nunowa daga sama kuwa, wata 'yar na'ura ce mai farfela ake tayarwa da kamara a jikinta. Daga can bisa ba a jin wari, ba a jin zafi, ba a kuma ganin fuskar mai neman abin da zai ci.

Na biyu shi ne aro. Gidan na haya ne, na yini ɗaya. Motar da jarumin ya fito daga cikinta ta wani ce, mai ita yana zaune a inuwa yana duba agogo. Manyan rigunan a cikin jaka aka kawo su, da an gama aka ninke aka mayar. Na ga wanda ya fito a matsayin attajiri, yana ba da umarni a raba wa mutane kuɗi, da aka tashi ya tsaya a bakin titi yana jiran a-daidaita-sahu kamar kowa. Wannan ba yaudara ba ce, haka sana'ar take a duk duniya. Ko Makkar da muka gani a Ar-Risala ba Makka ba ce, gari ne aka gina don fim ɗin a ƙasar Maroko, aka ƙarasa aikin a Libiya. Alfawa ta Kwana Casa'in ma ba za ka same ta a taswira ba.

Na uku shi ne yanka da haɗi. Fitowa ɗaya wadda ba ta wuce minti biyu ba, sai da aka maimaita ta sau bakwai ina ƙirgawa. Wani ya manta maganarsa, wani ya yi dariya, sau ɗaya kuma mai tallan ruwa ne ya ratsa ta baya. Daga safe zuwa la'asar abin da aka samu bai fi na minti goma ba. Wani daga cikin ma'aikatan ya bayyana mana cewa daga nan sai a kai wa edita, shi ne zai zauna gaban kwamfuta ya zubar da abin da bai yi ba, ya jera sauran. Ta haka ne mutum zai buɗe ƙofa a wata unguwa, ya shiga falon da yake wata unguwar, ya leƙa taga ya ga lambun da yake wani gari. Hoton ma kansa ba motsi yake yi ba. Hotuna ne tsayayyu ake jerowa da sauri, kamar 24 ko 25 a cikin daƙiƙa ɗaya, ido kuwa ba ya iya raba su, sai ya ga kamar motsi. To haka shekarun wahala suke a fim. Yaro zai zo birni da jaka ɗaya, a rubuta "bayan shekara biyar", sai ga shi a mota. Shekara biyar ɗin nan da aka yanke, ita ce rayuwar.

Na huɗu shi ne sauti. Waƙar da muke ji daga bakin jarumi, yawanci ba shi ya rera ba. Mawaƙi ne ya yi ta a situdiyo tun tuni, a lokeshan sai a kunna, ɗan wasa ya riƙa motsa baki. Kiɗan da yake sa mata hawaye idan an zo wurin tausayi, daga baya ake ɗora shi. A wurin ɗauka babu abin da muke ji sai ƙarar janareta da muryar darakta.

Amma abin da ya fi taɓa taubashina ba ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Wani saurayi ne da yake riƙe da faifan haska fuska a cikin rana. Da ya ji Hausarmu sai ya matso ya ce, "Ku mutanen gida ne?" Ashe daga wani ƙauye na yankinmu yake. Ya ce shekararsa biyu a Kano, daga aji huɗu ya gudo. Da farko wani ya karɓe masa kuɗi da sunan zai sa shi a fim, bai sake ganinsa ba. Ya yi watanni yana zarya a titin Gidan Zoo, inda ofisoshin 'yan fim suka fi yawa, yana kwana a shagon wani. Sau uku ya taɓa fitowa, duka a cikin taron jama'a, ba a ba shi ko kalma ɗaya ya faɗa ba. Ya ce abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ranar da aka miƙa masa takardar labari a ce ya gwada, ya kasa karantawa da sauri, aka karɓe aka ba wani. Ya dubi taubashina ya ce, "Ƙanena, masu cin abinci a nan su ne masu rubutu da masu kamara da masu kwamfuta, da 'yan wasa kaɗan da Allah ya ɗaga. In kana son sana'ar ga, koma ka gama karatu." Kawu bai ce uffan ba. Ya dai sa hannu a aljihu ya ba yaron abin da ya sawwaƙa, ya tambaye shi ko akwai saƙon da za a kai gida. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce a'a.

Kada wani ya ce na zo ɓata Kano ne ko masu fim. Ko kusa. Mutanen da na gani a lokeshan masu neman halaliyarsu ne, suna aiki cikin rana tun safe, kuma sun karɓe mu da mutunci. Wasanninsu sun sa Hausa ta shiga gidajen da ba ta taɓa shiga ba, sun kuma faɗakar a kan shaye-shaye da auren dole da cin hanci. Kano kuwa ta fi yadda ake nuna ta, sai dai ta wata fuska dabam. Kashegari Kawu ya zaga da mu. Mun shiga kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Mun ga marinar Ƙofar Mata, inda har yanzu ake tsoma zane a baba. Mun shiga Gidan Makama, inda aka adana kayan tarihin birnin. Ban taɓa ganin ɗayan waɗannan da kyau a wasannin da muka kalla ba, alhali su ne suka sa Kano ta zama Kano. Lalle tafiya mabuɗin ilmi ce, in an yi ta da izinin iyaye, da jagora, da sanin ranar komowa.

Da yamma muka hau Dala. Daga bisa birni ya shimfiɗu ko'ina, ba a ganin iyakarsa. Nan na tuna da karin maganar nan, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Matafiyi yakan hango dutsen tun daga nesa ya ɗauka ya iso, alhali da sauran tafiya. Kallon fim ma hange ne. A kan dutsen muka haɗu da wani dattijo Bakane, da ya ji daga inda muke sai ya riƙe hannun Kawu ya ce, "Ikon Allah! Ni kuwa babban burina in je Sakkwato in ziyarci Hubbaren Shehu. Kuna kusa da Sifawa?" Na ce masa ai Sifawa a ƙasar Boɗinga take, da keke ma ana zuwa. Ya ce, "Kai, kun more!" Kunya ta kama ni, domin sau da yawa na wuce Sifawa, ban taɓa tsayawa na tambayi komai ba.

Da na dawo sai na tambayi malaminmu na tarihi, na kuma duba littattafai. Ashe muna zaune a kan abin da wasu suke marmarin gani. A Sifawa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa da rubuce-rubuce daga wajen 1810, kafin ya koma Sakkwato a 1815, inda ya rasu a 1817. A lokacin nan ƙanensa Malam Abdullahi a Boɗinga yake zaune. Kudu da Sakkwato, ba nisa da mu, akwai kufan Satiru, inda talakawa suka yi wa Turawa bore a 1906, aka rushe garin. A Giginya aka gwabza da Turawa a watan Maris na 1903. Shagari kuwa ita ta haifi Alhaji Shehu Shagari a 1925, malamin makaranta wanda ya zama shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983, kuma a garin aka binne shi a 2018. Wane labari ne ya fi waɗannan?

An taɓa gwada irin wannan aiki, kuma ya yi kyau. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim, aka gyara shi aka sake nuna shi a bikin finafinai na birnin Balin a Jamus a 2018. Fim ɗin Mai Martaba na 2024, wanda Nijeriya ta aika gasar Oscar, a Daura aka ɗauke shi. Ke nan ba dole sai gadar sama da falo ba. Na sani mutanenmu ba za su so wani ya fito a matsayin Shehu ba, kuma suna da hujja. Amma masu Ar-Risala sun ba da tarihi cikakke ba tare da sun nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko sun sa an ji muryarsa ba. Ana iya nuna wuri, a ji daga bakin malamai da tsofaffi. Abin da ya rage shi ne wanda zai yi. In ba mu yi ba, Sakkwatanci zai ci gaba da fitowa a fim a bakin mai ba da dariya kaɗai, yaranmu kuma su ci gaba da jin kunyar harshensu.

Taubashina ya koma makaranta. Ba zan ce son fim ya fita daga ransa ba, yana nan daram. Sai dai yanzu maganarsa ita ce Cibiyar Koyon Aikin Fim ta Ƙasa da take Jos, ko sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Bayero, kuma ya san ba a shiga ko ɗaya sai da sakamako mai kyau. Kuɗin ragon an sayi tunkiya da abin da ya rage. Kafin hutu ya ƙare mun ari wayar Kawu muka zaunar da Kaka a zaure, muka ɗauki labarinsa na majigi. Hoton yana rawa, akuya ma ta yi kuka a tsakiya, amma duk wanda aka nuna wa a unguwa sai ya ce a sake sa masa. Ni ne mai riƙe waya, shi ne darakta, domin ya ce bawa ba ya ba da umarni.

Shawarata gare ku 'yan'uwa ita ce, ku yi kallo, amma kada ya ci lokacin karatu da salla. In kuna kallo ku riƙa tambayar kanku, me aka juya wa baya, me aka aro, me aka yanke? In wani birni ya ba ku sha'awa, ku nemi izini ku je ku gani, ku dawo ku ba mu labari. Kafin nan kuwa, ku fara da abin da yake bayan gidanku. Yaron nan mai riƙe faifai har yau yana raina, domin akwai uwar da take jiran saƙonsa a wani ƙauye kusa da mu. Allah ya mayar da shi gida lafiya, mu kuma ya ba mu ilmi mai amfani. Amin.